Injin daji da injin cikin kwali

Ashe akwai mutanen da ke sayen injin yankan itace ba don su yanka komai ba. Su saya da tsada, su goge shi da tsumma, su ɗora a kanta ko su rataye a bango, gobe su ƙaro wani har ɗaki ya cika, kuma ko ɗigon fetur ba za su bari ya shiga tankinsa ba, wai da zarar an zuba mai an ja igiya to darajarsa ta faɗi. A Amurka da Jamus da Suwidin abin har kasuwa gare shi, suna haɗuwa kowa ya baje nasa ana kallo ana tayawa, kuma tsohon injin da ba a taɓa tayarwa ba, yana cikin kwalinsa na asali da ɗan littafinsa da sifanarsa, ya fi wanda ya yi aiki kuɗi nesa ba kusa ba. Mai saye zai buɗe tanki ya sansana, ya kwance salansa ya haska fistin da tocila ya ga ko wuta ta taɓa lasarsa. Mu ma muna leƙa fistin kafin mu sayi inji na hannu, amma mu abin da muke dubawa daban, so muke mu ga ko ya karce, ko zai iya fitar da mu damina.

Ni dai wannan ce sana'ata, da ita nake biyan haya a Agege, da ita nake aika wa mutanen gida. A hannun wani dattijo Bayarabe na koya, can wajen Ijebu kusa da dajin Omo, lokacin ina ɗan ɗaukar jarkar mai da ƙarfen sarƙa a kafaɗa ina bin bayansa. Yanzu aikin cikin gari na fi yi, rage rassa a Ikeja da Ikoyi, share fili a Ikorodu da Epe da Ibeju in masu gini sun kira, sai kuma datsa itace gunduwa-gunduwa ga masu gidan burodi da masu girkin biki. Damina ita ce kakarmu, iska ta kaɗa da dare, da asuba waya ta fara ƙara, bishiya ta faɗa kan katanga, bishiya ta tare hanya, bishiya ta danne mota.

Abin da ya fi ba ni dariya a lamarin masu tarawan nan shi ne injin da suke wa kallon kayan tarihi shi ne wanda muke fita aiki da shi kullum safiya. Ina nufin Stihl 070. Tun 1968 aka fito da shi, kuma shi ma ɗin jikan wani ne da ake kira Contra wanda kamfanin ya yi a 1959. Girman injinsa cc 106, nauyinsa wajen kilo 11 tun kafin ka ɗaura masa ƙarfe da sarƙa ka cika tanki, ba shi da birkin sarƙa irin na injinan zamani, yana girgiza ka har in ka tashi aiki ka kama kofin shayi hannunka bai daina rawa ba, ga ƙara ga hayaƙi ga shan mai. A Turai ba wanda zai miƙa wa ma'aikaci irin wannan yau. Amma ka shiga kowane daji daga Ogun zuwa Ondo zuwa Edo zuwa Kuros Riba, ko ka tsallaka Kamaru da Gana, muryarsa za ka ji, kuma dalili a fili yake, ba ya gudu da yawa amma ba ya gajiya, ka kafa shi a gindin iroko da ƙarfe mai inci 36 zai yi ta ci a hankali har ya fita ɗaya gefen, kuma duk abin da ya lalace a jikinsa bakaniken gefen titi zai kwance ya ɗaura da sifana biyu da sukudireba. Kayan gyaransa kuwa kamar ƙasa, na asali da na Chana, har ma akwai kwaikwayonsa sukutum da 'yan Chana ke yi, launi ɗaya siffa ɗaya, wanda bai sani ba sai an yi masa sakiyar da ba ruwa. Shi na kwaikwayon ma yana aiki fa, kar a ce na ce ba ya yi, yara da yawa da shi suka fara kafin su tara kuɗin na asali, sai dai ka san cewa ranar da zai ba ka kunya ba ya sallama.

To inji irin wannan ba a saninsa daga kallo. Baban da ya koya min aiki ko kallon fenti ba ya yi, sai ya ce a tayar, ya karkata kai ya saurara, sannan ya ce kawo gungume. A cikin itace ake gane inji. Wani a fili sai ihu kamar zai tashi sama, yana shiga katako sai ya shaƙe. Wani kuma duk jikinsa tabo, murfinsa an ɗaure da waya, hannunsa an naɗe da robar taya, amma yana taɓa itace ka ji muryarsa ta sauka ta yi kauri ta zauna daram, ɓawon katako na fita manya-manya suna dukan ƙafarka.

Kuma rabin aikin ma ba a injin yake ba, a sarƙa yake. Kullum kafin a fara sai na zauna a kan gungume, in kafa ƙarfen tsakanin gwiwoyina, in ɗauki magagari mai zagaye, na sarƙar 070 mai kaurin milimita 5.5 ne, in bi haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya, turawa gaba kawai ba a dawowa da shi yana ci, kowane haƙori adadin shafa ɗaya da ɗan'uwansa, a karkace daidai wajen digiri 30 in datsawa za a yi, in kuma tsaga katako ne a tsaye sai a rage karkatar sosai. Ka gama gefe ɗaya ka juya injin ka yi ɗayan. In ka fifita gefe ɗaya yankanka zai riƙa karkacewa kana ta zagin inji alhali hannunka ne. Akwai ɗan tudun ƙarfe a gaban kowane haƙori wanda shi ke ƙayyade zurfin cizo, shi ma lokaci-lokaci ana ɗan rage shi da magagari mai faɗi, yara masu gaggawa sai su cinye shi gaba ɗaya wai don inji ya yi ci, shi ne za ka ga inji na fizga yana tsalle, kuma daga nan ne ake samun ya yi tutsu ya dawo wa mutum fuska. Da ka ga ƙura ta fara fita maimakon ɓawo to tsaya, sarƙa ta dakushe, ko ka taɓa ƙasa ko ka ci karo da ƙusa, kuma bishiyoyin Legas cike suke da ƙusa da waya, kowa ya zo ya kafa allon tallarsa ya tafi itace ya haɗiye. Wai wani Ba'amurke mai suna Joseph Cox ne ya ƙirƙiro irin wannan haƙorin a shekarun 1940 bayan ya zauna yana kallon yadda tsutsar ƙwaron itace ke ɓarzar kututture, daga nan kamfanin Oregon ya samo asali, sarƙarsu muke saye har gobe. Ka ga shi ma a bakin aiki ya gano, ba a ɗakin ajiya ba.

Ban taɓa zaton zan ga mai tara injina ido da ido a ƙasar nan ba sai da wani Alhaji ɗan kasuwa mutumin arewa ya kira ni gidansa wajen Ikeja, wani ƙaton mangwaro ya tsage cikin ruwan watan Yuli, rabi ya kwanta kan katanga rabi yana tsaye yana barazana ga rufin makwabci. Na ce masa wanda ya faɗi zan datse yau, amma wanda ke tsaye sai an nemo izini daga LASPARK, hukumar da ke kula da lambuna da bishiyoyi a Legas, don a Legas ko a cikin gidanka bishiya take ba ka da ikon kayar da ita haka kawai. Ya ce ba damuwa zai sa yaronsa ya bi takardar. Muna cikin aiki ni da ɗan yayata da ke riƙe min igiya sai ga Alhaji ya fito da jallabiya ya tsaya nesa yana kallon injina, da na kashe don in ƙara mai sai ya matso.

Ya ce, "Malam, wannan 070 ne ko? Na asali?"

Na ce, "Na asali ne ranka ya daɗe, sai dai ya sha duniya, abin da ya rage na asali a jikinsa bai fi rabi ba."

Ya yi dariya ya ce in na gama in zo ya nuna min wani abu. Wani ɗaki ne a bayan gida kusa da inda janareta yake, ya buɗe, wallahi sai da na yi salati. Injina ne a jere a kan katako, wasu a kwali wasu a waje, Stihl da Husqvarna da wani tsohon Dolmar, har da 090 wanda shi ne yayan nawa, cc 137, da sabon nan 500i da aka fito da shi a 2019 wanda ba shi da kafireta sam, kwamfuta ce ke auna masa mai. Ya ce duk tafiyar da ya yi waje in ya gani ya yi masa sai ya sayo. Mahaifinsa dillalin katako ne, yana yaro ƙarar inji ce ke tashinsa daga barci, shi ya sa. Kuma ya san tarihinsu fiye da ni nesa, shi ya gaya min Husqvarna asalinsu maƙeran bindiga ne tun 1689, tambarin nan nasu ma saitin bakin bindiga ne, ya ce Andreas Stihl ya fara da na lantarki a 1926 wanda sai mutum biyu ke riƙewa, Dolmar kuma suka fito da na fetur a 1927. Har ya ce asalin sarƙa mai haƙora likitoci ne suka fara yin ta don yankan ƙashi tun kafin a kai ta daji, ɗan yayata ya ce a'uzubillahi.

Na ce, "Alhaji, ga mangwaro a kwance a tsakar gidanka, ga wannan dukiya, ka kira ni da tsohon injina?"

Ya ce, "Haba Malam, a sa waɗannan a mangwaro? Ai sai su ɓaci."

Nan fa muka ɗan taɓa musu cikin raha. Na ce masa ko dokin sarki da ake ajiyewa don hawan sallah ana fita da shi kilisa, in aka bar shi a turke shekara guda ranar hawan ba zai kai ƙofar fada ba. Ya ce to akwai guda ɗaya da aka taɓa tayarwa lokacin da aka kawo shi, shekarun baya, in gwada wannan in ga lafiyarsa ƙalau. Na sauko da shi, ina buɗe tanki wari ya buge ni, ba warin fetur ba, wani wari mai tsami irin na tsohon fenti, sauran man da aka bari a ciki ya ƙafe ya zama danƙo ja a ƙasan tanki. Na zuba sabon haɗi, na ja cok, na ja igiya har kafaɗata ta gaji, ko tari bai yi ba. Na cire fulogi, a bushe ƙayau, mai ba ya zuwa. Da izininsa na kwance kafireta a kan jarida a ƙasa, 'yar robar nan siririya da ke bugawa tana jawo mai, wadda ya kamata ta yi laushi tana lanƙwasa, ta sandare, ina taɓa ta da farce ta tsage. Tiyon mai ya yi tauri ya fashe a wuya. Na leƙa salansa, zanzaro ya yi gini a ciki ya toshe ramin da laka. A ƙasan injin inda ya zauna a kan siminti kafin a yi kantar, fenti ya kumbura ya yi fari-fari, don jikin injinan nan da ƙarfen magniziyam ake yinsa kuma shi da danshi ba sa ga maciji, balle danshin Legas mai haɗe da gishirin teku. Alhaji ya yi shiru yana kallon jaridar. Injin da bai yanka ko tsinke ba, ga shi yana neman gyaran da nawa bai nema ba a wannan shekarar.

Ba laifin maƙera ba ne wannan, duk injin da aka yi wa haka abin da zai same shi kenan. Fetur ɗin da aka haɗa da mai ba ya son ya wuce wata guda a ajiye. In za ka ajiye inji, ko na wata uku ne, ka juye tanki, ka tayar da shi ya ƙone sauran da ke kafireta har ya mutu da kansa, ka cire sarƙa ka shafe ta da mai ka naɗe, ka ɗiga ɗan mai ta ramin fulogi ka ja igiya a hankali ya zagaye, ka toshe bakin salansa, ka ɗaga shi daga ƙasa. Turawan da ke tarawa da gaske sun san wannan, shi ya sa suke ƙin zuba mai tun farko, ga kuma ƙasarsu ba irin danshinmu. Amma ko a can roba tana tsufa ko an yi aiki ko ba a yi ba.

Sai dai Alhaji bai bar ni na tafi da nasara ba. Ina haɗa kayana sai ya ce, "To Malam na ji, amma ka ga injinan nan nawa ba wanda ya taɓa kashe bishiya ko ɗaya. Naka fa, nawa ya kashe?"

Maganar nan ta zauna min, don duk wanda ke wannan sana'a ya san abin da aka yi wa madobiya. Wajen 2014 zuwa 2017 'yan Chana suka buɗe kasuwarta, a Taraba har suna aka sa mata, Madrid, yara suka bar gona suka bar makaranta, duk wanda ya samu kuɗin inji ko na kwaikwayo ne ya shiga daji, tireloli suna ta sauko da gungume ana cusawa a kwantena ana fitarwa ta Apapa da Tin Can, nan ƙarƙashin hancinmu. Itacen da makiyaya ke sassabe ganyensa su ba shanu da rani, shi aka bi aka share daga Kogi zuwa Taraba zuwa Adamawa, sai da CITES, hukumar duniya da ke sa ido kan cinikin namun daji da itatuwa, ta sa shi cikin itatuwan da ake sa wa ido a farkon 2017, a 2018 kuma ta dakatar da cinikinsa daga Najeriya, lokacin an riga an yi ɓarna. Da gatari aka yi wannan aiki da har yanzu ba a gama ba, inji ne ya sa aka gama cikin 'yan shekaru. Haka kirya da marke suke tafiya a buhun gawayi. Ga kuma tsaga katako da inji a cikin daji, kowane yanka sarƙa na cinye kusan santimita guda ta mayar da shi gari, alhali zarton injin katako irin na Oko Baba a Ebute Metta siriri ne, abin da yake ci bai kai rabin haka ba. Gana tun 1998 ta haramta sayar da katakon da aka tsaga da irin injinmu saboda wannan asara, duk da dai har yanzu ba a daina ba. To in ana maganar inji na aiki ne, dole a yarda ba kowane aiki ne abin alfahari ba, kuma injin da ke kwance a kwalin Alhaji ba ruwansa da wannan zunubi.

Kuma in za a yi adalci masu tarawan nan suna da ranarsu. Su ne ke adana littattafan gyara na injinan da kamfani ya daina yi, su ne za ka gani a bidiyo sun kwance inji ɗan shekara hamsin ƙusa bayan ƙusa suna bayani, ɗan yayata a waya ya koyi saita kafireta daga wurin irinsu, abin da ni sai da na sha rankwashi kafin na iya. Shi kamfanin Stihl ma yana da gidan tarihinsa a garin Waiblingen na Jamus inda ya jera tsofaffin injinansa. Wannan na gane, guda ɗaya na kowane iri a ajiye don na baya su gani. Abin da ban gane ba shi ne mutum ɗaya ya danne sababbi fil guda goma waɗanda yanzu haka ake ƙera irinsu, ba tarihi ba ne ba komai ba, kuɗi ne kawai aka jera. A Agege kaɗai na san yara masu hannu, sun iya wasa sarƙa sun iya karanta inda bishiya za ta faɗi, amma haya suke ɗaukar inji, a raba kuɗin aiki da mai inji, su sayi mai, su biya mota, abin da zai rage bai taka kara ya karya ba. Inji ɗaya daga ɗakin nan zai iya riƙe gida biyu. Kuɗinsa ne dai, ba sata ya yi ba, kuma mutumin kirki ne ya biya ni fiye da yadda muka yi ciniki, amma zuciya ba ta rasa ɗan sosuwa.

Mu kam lissafinmu kullum na mai ne. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa dubu, shi kuma 070 ba ya jin wannan labari, tankinsa lita ɗaya da ɗan wani abu kuma kafin ka juya ya shanye. Ga man haɗi, injinan zamani da mai mai kyau mililita 100 ake sa wa lita 5, tsofaffi da man da ba ka yarda da shi ba sai ka ninka. Wasu saboda tsada sai su haɗa da baƙin man mota, na sarƙa kuma su zuba wanda aka juye daga injin mota, yana tafiya dai amma yana cin famfon mai yana cin ƙarfe, hayaƙin kuma kai ke shaƙa. Hular kwano da abin toshe kunne da wandon kariya kuwa sai in kamfani ne ya ba da aiki ya tilasta, yawancinmu silifas ne da hular sanyi, kuma duk tsohon opareta da ka sani sai ka ɗaga murya yake ji.

Yanzu kuma ga na batir sun shigo. Kamfanin Makita, wanda ya sayi Dolmar a 1991, ya daina ƙera injinan fetur gaba ɗaya a 2022 ya koma batir. Na riƙe na batir sau ɗaya a wani gida a Ikoyi, ba nauyi ba ƙara ba jan igiya, a rage rassa a saman bishiya ya fi nawa daɗi ba ƙarya, amma ka kai shi gindin iroko a dajin Epe inda ko sandar wuta babu ka ga yadda za ku ƙare. Alhaji ya ce shi wannan labari daɗi yake masa, duk ranar da aka daina na fetur kwalayensa za su ninka kuɗi. Wataƙila gaskiyarsa. Na koma gidan bayan takardar izini ta fito na kayar da ragowar mangwaron, na tafi masa da sabuwar robar kafireta da tiyo na gyara wancan injin, ya tashi a ja na uku, ya saurare shi minti ɗaya yana murmushi sannan ya ce in juye man in mayar masa kan kanta. Na ce in ya tashi sayar da 090 ɗin nan ni ne farko a layi, ya ce da dala ya saya kuma da dala zai sayar.